Ku Tambaya Mu Amsa: Haɗa Kwamfutar Gida da Kyamara da Kayan Sauti

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk kuka ɗaya suke yi, an sayo waya an soka a kwamfuta ta shiga daram amma babu hoto, ko kuma muryar ta fito kamar daga cikin rijiya, shi yasa na tattaro su wuri ɗaya. Wasu na rage musu tsawo saboda fili, a yi min afuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu matasan unguwa ne muke kula da kayan masallacinmu, bana muna so mu riƙa haska tafsiri kai tsaye a Facebook saboda iyayenmu mata da 'yan unguwa da suke wasu garuruwan. Wani yayanmu ya ara mana kyamarar Canon, na sayo wayar HDMI na haɗa ta da laftop ɗina amma ko alamar hoto babu, har sau biyu ina canza waya. Kyamarar ce ta lalace ko laftop ɗin? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena Allah ya saka muku da alheri, ka kwantar da hankalinka babu abin da ya lalace, kuma dan Allah kar ka sake sayen wata wayar. Ramin HDMI da ke jikin laftop na fitar da hoto ne kawai, da shi ake kai hoton laftop kan talabijin ko majigi, baya karɓa. Ita ma kyamarar fitarwa take yi, kaga kenan famfo biyu ka haɗa baki da baki babu bokiti a tsakani.

Abin da ya rage maka ɗan ƙaramin abu ne kamar filash mai ƙiba, gefe ɗaya ramin HDMI ɗaya gefen kuma kan USB, 'yan kasuwa suna ce masa kafca kad, in ka leƙa Kano zaka samu a Farm Centre ko Beirut Road. Kana soka shi kwamfuta zata ɗauke shi a matsayin kyamarar hira ta yau da kullum ba sai ka sauke komai ba. Masu arahar zaka ga an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwalin, wannan abin da suke iya karɓa ne, abin da suke miƙa wa kwamfuta yawanci hoto mai girman 1080 ne, hoto 30 a daƙiƙa, kuma gaskiya na tafsiri ya isa har ya yi yawa. In akwai hali akwai Cam Link na kamfanin Elgato, ya fi inganci amma da tsada, ni dai da zan ba ku shawara kuɗin nan ku kai shi ɓangaren sauti.

Daga nan sai ka sauke OBS Studio, manhajar rikodin da haskawa kai tsaye, kyauta ce, ka ƙara kafcar a matsayin tushen hoto, ka kwafo mabuɗin haskawa daga shafinku na Facebook ka liƙa a setin. Kafin ranar farko ka gwada kyamarar sosai, domin wasu tsofaffin Canon suna turo hoton tare da rubuce-rubucen sikirin, alamar batir da ɗan akwatin fokas duk a kan fuskar Malam, sai ka shiga menu ka kashe su, in akwatin ya ƙi tafiya ka mayar da fokas na hannu. Ka kashe setin da ke sa ta mutu da kanta in an jima ba a taɓa ta ba, kuma batir ɗaya ba zai kai ku ƙarshen zama ba, akwai batirin ƙarya mai waya da ake sawa a gurbin na gaske a jona shi da wuta, shi zaka nema da lambar batirin kyamarar. Akwai kuma wata hanyar, a 2020 lokacin kullen korona Canon sun fitar da manhajar EOS Webcam Utility wadda ke turo hoto ta wayar USB ba tare da kafca ba, ka duba ko kyamararku tana cikin waɗanda take ɗauka, sai dai hoto kaɗai take kawowa banda murya.

Batun data kar ka ɗora wa kanka 1080. Ka saita girman hoto a 720, gudun turawa wajen 3000 kbps, wannan zai ci maka kusan gig 1.35 a awa ɗaya banda ɗan abin da sauti zai ƙara, sai ka lissafa da kwana 30 ku san abin da za ku tara. Kuma ka gwada netwok ɗin a cikin masallacin a daidai lokacin da za a yi karatun, domin ƙarfin da kake gani da hantsi ba shi zaka gani bayan la'asar ba. Muryar Malam kuma kar ka dogara da makirfon kyamara, ka karanta amsa ta gaba taka ce kai ma.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina ɗaukar wa'azi da walima, na jawo waya daga miksa zuwa ramin iyafis na laftop, muryar tana fashewa kamar rediyon da batir ya kusa ƙarewa, ga kuma wani ƙugi zuuu a ƙasa wanda baya tsayawa, in an tada janareta ma ya fi yawa. Mene ne mafita? Daga wani mai ɗaukar bidiyo a Funtuwa.

AMSA: Ɗan uwa matsala biyu ce ka haɗa, kuma kowacce da maganinta. Ta farko ƙarfin sigina ne. Ramin nan na laftop an yi shi ne don ɗan makirfon iyafis wanda abin da yake fitarwa 'yan milibolt ne, ita kuwa miksa babbar fitarta tana kaiwa bolt 1.23, ko ta gefen rikodin ma wajen bolt 0.3 ce, kaga ka ɗura ruwan tulu a kofin shayi dole ya zube, zubewar nan ita ce fashewar da kake ji kuma in ta shiga rikodin babu editin ɗin da zai dawo da ita. Abin da ya dace shi ne sawun kad na waje mai USB, irin wanda 'yan situdiyo suke amfani da shi. Behringer UCA202 ƙarami ne mai ramukan ja da fari, ya dace da inda aka rubuta REC OUT ko TAPE OUT a bayan miksa, in kuma kana son wanda zai daɗe maka ka ɗauki murya da shi kai tsaye to Focusrite Scarlett 2i2. In miksar tana da AUX ma ya fi, domin zaka iya saita naka ƙarfin daban, ko an ƙure lasifikar waje naka baya motsi. A OBS ka sa ido a kan mitar sauti, magana ta riƙa yawo a cikin ruwan ɗorawa tana ɗan taɓa bakin ja in an ɗaga murya, kar ta zauna a ja.

Amma ga gargaɗi kuma da gaske nake, kar ka kuskura ka ɗauko sauti daga inda wayar lasifika ko hon take fita a bayan amfilifaya, can wuta ce ta gaske mai tuƙa lasifika, zata ƙone sawun kad ɗin kuma tana iya wucewa ta taɓa laftop ɗin. Da yawa daga miksocin masallatai da amfilifaya a cikinsu suke, ramukan kuma sun yi kama da juna, ka karanta abin da aka rubuta kafin ka soka.

Ta biyu ƙugin nan. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, sautin da kake ji kenan ya samu hanya ya shiga wayar sautinka, yawanci saboda miksa tana soket ɗaya laftop tana wani soket ɗin, atin ɗinsu bai daidaita ba sai 'yar wuta ta riƙa bin wayar da ta haɗa su. Gwajin baya cin minti ɗaya, zare cajar laftop ka bar ta a kan batir, in ƙugin ya ɗauke to ka kama ɓarawon. Daga nan ka jona miksa da laftop a kan abin jona wuta guda ɗaya, in bai tafi ba ka sa ɗan akwatin DI ko aisoleta a tsakani, a cikinsa akwai ƙaramar taransifoma da take wuce da sauti ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Cajar jabu ma tana kawo nata ƙarar, wani siririn tsiii, ita sai an canza ta. Wayar ja da fari kuma kar ta yi tsawo, in nisan ya wuce 'yan mitoci a koma wayar XLR mai ƙafa uku wadda aka yi ta don ta kashe irin wannan hayaniyar, kuma kar a shimfiɗa ta jere da wayar janareta.

Wasu masu gyara zasu ce maka ka karya ƙafar atin ta fulogi ƙugin zai tafi. Eh yana iya tafiya, amma ƙafar nan ita ce take kare wanda ya riƙe makirfo in wuta ta zubo jikin ƙarfen amfilifaya, dan Allah kar ka yi. Na taɓa ɗaukar walimar saukar karatu ta wani ɗan uwanmu, ban sa iyafis na saurara ba sai da na koma gida, awa biyu da rabi ƙugi ne a kan muryar yaran, mahaifiyar yaron tana ta tambaya yaushe zata ji karatun ɗanta, har yau abin yana damuna. Tun daga ranar bana danna rikodin sai iyafis yana kunnena, kai ma ka riƙe wannan.

TAMBAYA: Malam na sayi makirfo BM-800 don ina koyar da ɗalibai ta WhatsApp da YouTube, amma muryata can ƙasa take fita sai na yi kamar ihu, wani lokacin ma laftop ɗin bata ganinsa sam. Daga wata malamar makaranta a Kaduna.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. Ki duba kan wayar da ya zo da ita, zaki ga zobe biyu baƙaƙe, shi kuwa ramin laftop na zamani guda ɗaya ne na iyafis da makirfo a haɗe, mai zobe uku yake nema, shi yasa take ɗaukarsa kamar iyafis kika sa. Akwai 'yar waya mai reshe biyu da take raba su. Amma ko ya yi aiki ƙarfinsa ba zai gamsar da ke ba, domin irin wannan makirfon yana son wuta kuma abin da laftop take bashi kaɗan ne, sai da sawun kad mai maɓallin 48V da wayar XLR kai da kai yake sakin murya. In baki riga kin kashe kuɗi da yawa ba ni na fi son ki nemi makirfo irin na riƙewa a hannu mai USB kamar Samson Q2U, baya kwaso kukan fanka da hayaniyar yara da Keke Napep ɗin layi kamar yadda BM-800 yake yi. Ki matso da shi kusa da baki kamar faɗin yatsu huɗu, ki yi rikodin a ɗaki mai labule da katifa da kafet.

TAMBAYA: In na haska taro murya tana riga baki, mutum ya gama magana sannan leɓensa ya motsa. Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Hoto ne yake makara saboda hanyar da yake bi ta kafca ta fi ta sauti tsawo. Ka tsaya gaban kyamara ka tafa hannu sau ɗaya ka yi rikodin, ka duba tazarar, sai ka shiga setin sauti na OBS inda aka rubuta Sync Offset ka jinkirta sautin, fara da milisakan 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ka riƙa ƙarawa ko ragewa har tafin ya haɗu. In kuma da farko suna tare sai a hankali su rabu, ka tabbatar setin sauti na Windows da na OBS duk suna kan 48 kHz.

TAMBAYA: Malam ina da kyamarorin tsaro huɗu a shago, yaron da ya haɗa min ya yi tafiya. Ina so in riƙa kallo a kwamfutar gida, kuma in da hali in daina amfani da akwatin nan nasu kwamfutar ta riƙa ajiye komai. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara kasuwa. Da farko a duba wayar da ke bayan kyamarorin. In mai zagayayyen kan ƙarfe ce da ake murɗawa, to waɗannan basa magana da kwamfuta sai ta cikin akwatin DVR, shi za a haɗa da rauta ta wayar netwok. In kuma wayar netwok ce a jikinsu to kowacce da adireshinta, kuma sau da yawa wayar ce take kai musu wuta, tana iya kai mita 100. Kowanne ne dai, in an haɗa akwatin da intanet sai a sa manhajar kamfanin a kwamfutar gida, in Hikvision ne iVMS-4200, in Dahua ne SmartPSS.

Amma batun ajiye akwatin, ranka ya daɗe ban goyi baya ba. Kyamara ɗaya mai turo megabit 2 a daƙiƙa tana cin wajen gig 21 a kwana, huɗu sun haura gig 80, had dis na tera 1 kwana 11 ko 12 ya cika, kuma turo wannan daga shago zuwa gida dare da rana data ce mai yawan gaske, ga kwamfutar dole ta kwana a kunne. Akwatin an yi shi ne don wannan wahalar, a bar shi a ɓoye shi inda ɓarawo ba zai ɗauke shi ba, a sa masa UPS ko a ɗora shi kan inbata tare da kyamarorin da rautar. Abin da nake roƙo a yi yau ɗin nan shi ne a canza kalmar sirri, tunda wanda ya haɗa ya san ta, wataƙila ma wadda ta zo daga kamfani ce ba a taɓa canzawa ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da akwatunan rikodin a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin na kamfani kawai, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter a Amurka. Kuma in wata rana za a sa a gida, a kula kar ta leƙa tsakar gidan maƙwabta.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Da muke gyaran ɗakinsa muka tarar da kwali cike da kaset, akwai manya na bidiyo, akwai ƙanana na 'yar kyamararsa ta Sony, akwai kuma na rediyo da ya ɗauki muryarsa da ta kakarmu. Bikina yana ciki da tafiyarsa Hajji. Ƙanena ya sayo waya mai kan USB da aka ce zata haɗa kyamarar da kwamfuta amma shiru. Ina tsoron kar su lalace. Daga wata uwa a Damagaram.

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makoma, ya ba ku haƙuri. Wasiƙarki ita na fi daɗewa a kai, kuma tsoronki yana kan hanya, kaset baya jira, zafi da ƙurar hunturu da laimar damina duk suna cin sa, na'urorin kunna shi kuma ƙarewa suke, kamfanin Funai na Japan da ya rage yana ƙera bidiyon kaset ya daina tun 2016. Amma in sha Allahu za a cece su.

Kafin komai a ɗaga kowane kaset a haske a leƙa ta 'yar tagar. Wanda aka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren to fumfuna ce, a ware shi kar a sa shi a na'ura, zai ɓata kan na'urar ya shafa wa sauran, sai an kai wa wanda ya iya gogewa. Sauran a fitar da su daga ɗaki mai zafi, a jera su a tsaye nesa da lasifika saboda maganaɗisu.

Ƙananan nan in an rubuta MiniDV a jikinsu albishirinki, hoton da ke ciki dama na dijital ne, za a kwafe shi yadda yake ba tare da ya ragu ba. Sai dai hanyarsa FireWire ce, Sony suna ce mata i.LINK, ɗan ƙaramin rami ne a jikin kyamarar da aka rubuta DV. Wayar da ƙaninki ya sayo mai FireWire a gefe ɗaya USB a ɗaya gefen bata aiki, yarensu ba ɗaya bane ko da kan ya shiga, ya zare ta kar ma ta jawo wa kyamarar lahani. Abin da za a nema kwamfutar tebur ce a sa mata katin FireWire a ciki, ko tsohuwar laftop ta hannu mai ramin da aka rubuta 1394, masu ɗaukar biki na da can da yawa suna da su ajiye. A kashe kyamara da kwamfutar duka kafin a soka wayar, domin ramin yana saurin ƙonewa, sannan a yi amfani da 'yar manhaja WinDV. Kaset na awa ɗaya yana cin wajen gig 13, kuma awa ɗayan za a zauna, babu gaggawa a wannan aikin.

Manyan na bidiyo kuma sai an samo na'urar kunna su mai lafiya, a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba ko tana cin zare. Daga bayanta wayoyi uku ne, ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti, su shiga kafca mai irin waɗannan ramukan zuwa USB, a ɗauka da manhajar OBS a kan girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Ga wani abu da ya shafe ku musamman, talabijin ɗin Nijar a da tsarin SECAM take bi irin na Faransa, Najeriya kuma PAL, saboda haka in wani kaset ya fito baƙi da fari kar ki ɗauka ya lalace, wataƙila daga talabijin Baba ya ɗauka, a canza tsarin a setin kafcar ko a nemo na'ura mai karanta duka biyun, kalar zata dawo.

Na rediyo sun fi sauƙi. Rediyo mai kaset da ke da ramin iyafis ko ja da fari a baya, waya zuwa sawun kad na USB, sai manhajar Audacity ita ma kyauta ce. A goge kan rediyon da auduga da ɗan sifirit, a rage ƙarar kar ta fashe, a adana asalin a WAV wanda yake cin wajen meg 10 a minti, sannan a fitar da MP3 don tura wa dangi a WhatsApp. Kar a bari asalin ya zama wanda aka tura a WhatsApp, shi MP3 a matse yake.

In aikin ya fi ƙarfin gida a kai wa mai situdiyo babu laifi, amma kar a ba shi kwalin gaba ɗaya, a ba shi biyu a ga aikinsa tukuna, a rubuta lamba a jikin kowanne, kuma a ce ya dawo da kaset ɗin, tunda akwai hotunan iyali a ciki a kuma roƙe shi ya goge nasa kwafin. Duk abin da aka kwafe a ajiye shi a had dis biyu, ɗaya a wajenki ɗaya a gidan ƙaninki, kowane fayil a sa masa suna da shekara da sunayen waɗanda ke ciki tun akwai manyan da zasu gane fuskoki. Kaset ɗin kuma kar a zubar ko an gama. Ki fara da na rediyon nan mai muryar Baba da kakarku, zarensu ya fi siriri kuma da alama sun fi sauran tsufa, a wannan satin in da hali.